Dokar hana karyar da kaya: in an gyara ta, wa zai ɗauki nauyin a Maradi?

Wani matashi daga nan cikin garin Maradi ya aiko mini da wannan tambaya: "Baba, barka da war haka. Mahaifina kwanon rufi da ƙusa yake shigowa da su ta tashar Lome, mahaifiyata kuma tana cikin ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa. Ana ta maganar a gyara dokar da ke hana ƙasashen waje karyar da kayansu a kasuwarmu, a ƙara mata ƙarfi. Shi yana cewa za a kashe masa kasuwa, ita tana cewa ceto ne ya zo. Ku da kuka daɗe a aikin fitar da kaya daga duwan, wa ke da gaskiya, kuma wane nauyi gyaran zai ɗora wa ƴan kasuwa?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tsoron mahaifinka yana da tushe. Fatan mahaifiyarka kuwa, in ba a yi gyaran da ita a zuciya ba, ba zai cika ba. Dalili shi ne wannan doka ta masu littafin lissafi ce. Wanda yake da takarda shi take saurara, wanda ba shi da ita kuma sai dai ya ji hukunci a bakin ma'aikacin duwan.

Da farko mu san abin da ake nufi, don a bakin kasuwa duk kayan da ya zo da araha cewa ake yi an karyar da shi. Doka ba haka take gani ba. A yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda muke kira OMC, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Janairun 1995 kuma Nijar ta shige ta a Disambar 1996, karyar da kaya shi ne kamfani ya sayar wa ƙasar waje da kaya a ƙasa da farashin da yake sayar da shi a gida, ko a ƙasa da abin da ya kashe wajen yin sa. Ko an tabbatar da hakan ma bai isa ba. Sai an nuna cewa masu yin irin kayan a cikin ƙasa sun cutu da gaske, sannan a nuna cewa wannan arahar ce ta cutar da su, ba yankewar wuta ko tsadar bashin banki ko tsufan inji ba. In tazarar farashin ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, a rufe magana. Haka in kayan ƙasar da ake zargi bai kai kashi 3 cikin 100 na duk irinsa da ake shigowa da shi ba, sai fa in ƙasashen da kowacce ba ta kai kashi 3 ɗin ba sun haɗu sun haura kashi 7.

Yanzu ka ɗauki wannan ma'auni ka zaga babbar kasuwa da shi. Kayan Kano da Katsina da suka yi araha bayan an saki naira a Yunin 2023, faɗuwar kuɗi ce ta jawo, masana'antar ba ta rage wa kowa farashi ba. Man fetur na ruwa-ruwa da muka sha shekara da shekaru a kwalabe, tallafin gwamnatin Najeriya ne da sumoga, kuma kowa ya ga yadda lissafin ya juya bayan an cire tallafin a ƙarshen Mayun 2023. Kwantenar da aka rubuta mata rabin kuɗinta a faktir, wannan ha'inci ne a kan kimar kaya, maganinsa yana hannun duwan tun yau. Kwanon da ya fi takarda kauri da kaɗan, wanda iskar farkon damina ke naɗewa, matsalar inganci ce, aikin masu awon ƙa'ida. Mafi yawan arahar da ke karya masu sana'ar Maradi daga waɗannan ƙofofi take shigowa, kuma babu ɗaya da dokar hana karyar da kaya ke rufewa.

Dokar kanta ba baƙuwa ba ce a takarda. Kanada ce ta fara kafa irinta a 1904. A yankinmu UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta amince da kundinta tun 2003, CEDEAO, wato ECOWAS, ta yi nata a 2013, gab da fara aiki da harajin bai-ɗaya a Janairun 2015. Mun fita daga CEDEAO a ƙarshen Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma muna nan cikin UEMOA, kuma yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda aka ƙaddamar a Yamai a Yulin 2019, ita ma tana da babi a kan wannan. Amma a duk nahiyar, ƙasashen da suka saba gudanar da irin wannan bincike ƴan kaɗan ne: Afirka ta Kudu, Masar, Maroko. Gana ta kafa hukumarta da dokar 2016, Kenya ta yi dokarta a 2017. Abin da ya hana saura ba rashin kishi ba ne, tsadar aikin ce. Yana son lauyoyi, da masu binciken lissafi, da kuɗin jirgi zuwa masana'antar da ake zargi don a duba littattafanta.

To mu zo kan mahaifiyarka, don ita ce ta fi ba ni tausayi a wannan magana. Ka san yadda aikin yake: a soya gyaɗa, a murje, a kai inji, a dawo a yi ta juya tunkuza da ruwan zafi har mai ya tsatso, a toya ƙuli-ƙuli da abin da ya rage. Ta ɗora jarka a kai ta je kasuwa, ta tarar da man waje a bido ya fi nata araha nesa ba kusa ba. In ta ce a kai ƙara, tambayar farko da za a yi mata ita ce: man da kike ƙara a kansa irin naki ne? Doka tana magana ne a kan kaya iri ɗaya, ko mai kama da shi ƙwarai. Man kwakwar manja da aka tace a Maleshiya ko Indunusiya ba man gyaɗa ba ne, ko da a tukunya ɗaya suke ƙarewa. Kuma arahar tasa tana da dalili na gona: eka ɗaya ta kwakwa tana ba da mai ninkin-ba-ninkin na eka ɗaya ta gyaɗa. Wanda ya fito daga Kodebuwa kuwa, ɗan gida ne a UEMOA. Akwai wata doka daban, ta kariyar gaggawa idan kaya ya yi ambaliya, wadda ta yarda a dubi kayan da ke gogayya kai tsaye ko da ba iri ɗaya ba ne. Wannan ta fi kusa da ciwon mahaifiyarka.

A ce ma an tsallake wannan. Kafin a buɗe bincike sai masu goyon bayan ƙarar sun kai aƙalla kashi 25 cikin 100 na duk abin da ake samarwa a gida, kuma sun rinjayi masu adawa a cikin waɗanda suka yi magana. Wa ya taɓa ƙidaya litar man gyaɗar da ake matsa a gidajen Tibiri da Madarunfa da Tasawa da Gidan Rumji? In ta kundin UEMOA aka bi, lissafin ma na ƙasashe takwas ne. Bayan nan sai takardar tambayoyi. Na taɓa riƙe irinta a hannuna a wani horo da aka yi mana, ta wata ƙasar Afirka ta Arewa. Ana son adadin abin da ka samar, da wanda ka sayar, da wanda ya kwana a mangaza, da yawan ma'aikata da albashinsu, da riba, da jarin da ka zuba, na shekara uku ko fiye, kowanne da shaidarsa. Na tuna wani Alhaji da muke zaune kusa, mai ƙaramar masana'antar sabulu, ya juya shafi uku ya ajiye, ya zaro wani ɗan littafin makaranta daga aljihun gaba ya nuna mini. A ciki duk cinikinsa yake: sunan mutum, kwali nawa ya ɗauka, nawa ya bayar, nawa ya rage. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin kuɗin kowa, kuma bashin da ke cikin littafin nan ya fi jarin wasu kamfanoni. Amma a gaban mai bincike wannan littafi ba hujja ba ne. Kafin ya mai da shi lissafi irin na tsarin OHADA, wato ƙa'idar lissafin kamfanoni da ƙasashenmu ke bi, sai ya ɗauki kwantabul na wata da watanni, ya biya lauya, sannan ya yarda cewa duk abin da ya bayyana, ma'aikatar lanho ma za ta iya tambayarsa a kai wata rana. Wannan tsoro na ƙarshe shi ya fi hana mutanenmu motsi, kuma ba a cika faɗarsa a taro ba.

Saboda haka a ko'ina a duniya manyan kamfanoni ne ke cin moriyar dokar: masu ƙarfe, masu sinadarai, masu roba. Ɓangaren ƙarfe ne ya fi kowane yawan ƙararraki tun 1995, Indiya ce kan gaba wajen buɗe bincike, Sin kuma ita aka fi kai ƙara.

Wannan ya kawo mu kan mahaifinka, don kayansa na cikin layin da wutar ta fi ci. Sin tana narka fiye da rabin ƙarfen duniya: a 2024 ta narka sama da tan biliyan ɗaya, kuma abin da ta fitar waje ya haura tan miliyan 100. In har za a buɗe bincike a yankinmu, ba zan yi mamaki ba in a kan rodi ko kwano ko waya aka buɗe shi.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ƙarin harajin da doka ke ɗora wa kayan da aka tabbatar an karyar da shi, ba kamfanin waje ke biya ba. Mai shigo da kaya ne ke biya, a nan, kafin a saki motarsa. Mu yi misali da lissafi mai sauƙi. Masana'anta tana sayar da fallen kwano jika biyar a ƙasarta, ta sayar wa mahaifinka a jika huɗu. Tazarar jika guda ce, a raba ta da jika huɗu, kashi 25 cikin 100 ke nan. In kayan da ke cikin kwantena na sefa miliyan 20 ne, ƙarin miliyan 5 ya hau, ban da harajin duwan na yau da kullum, sannan TVA, wato harajin sayen kaya, ta kashi 19 a kan jimillar ake lissafa ta. Kuma harajin ba ɗaya ba ne ga kowa. Kowace masana'anta da nata, gwargwadon abin da bincike ya gano. Wadda ta ƙi amsa tambayoyi, ko ta makara, ana yanke mata da bayanan da ke hannu, wato galibi alƙaluman mai ƙara, kuma shi ne mafi tsada. Ana ba su kwana 30 ne aƙalla su amsa. To wace babbar masana'anta ce za ta ɗauki lauya don kare kasuwar da ba ta kai cinikinta na mako guda ba? Shiru za ta yi. Shi kuma mahaifinka, ta hannun dillali yake saye, wataƙila bai ma san sunan masana'antar da ta buga kwanon ba. Ranar da aka ce ya kawo shaidar asalin kaya da sunan wanda ya ƙera, in ya rasa, sai a ɗora masa na ƙololuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma ni a ganina abin da ya fi harajin ciwo shi ne rashin sanin gobe. Bincike yana ɗaukar shekara guda, yana iya kaiwa wata 18. Bayan kwana 60 da buɗe shi ana iya sa harajin wucin gadi. A wasu halaye ana iya komawa baya har kwana 90 a caji kayan da ya riga ya shigo. Yanzu ka lissafa tafiyar kayan mahaifinka: teku zuwa Lome, jiran tasha, sannan doguwar hanyar Burkina da ake bi a ayari tun da aka rufe iyakar Benin ta Gaya a 2023, sai Yamai, sai Doso, Dogon Dutsi, Konni, kafin Maradi. Kayan da aka biya kuɗinsa a ƙarƙashin doka ɗaya yana iya isowa a ƙarƙashin wata.

Na ga kwatankwacin wannan da idona, ko da yake ba a kan wannan doka ba. Wata shekara aka sauya kimar da ake lissafa wa wani kaya haraji, motar wani abokin huldata tana hanya. Ta iso, aka ce sai ya cika wasu miliyoyi da bai tanada ba. Kwana goma sha ɗaya motar na tsaye a fili. Direban ya ɗaura gidan sauro a ƙarƙashin tirela, yaron mota yana dafa shayi a kan kurfoti, mai motar yana bugo waya safe da yamma yana ƙirga kuɗin kwana. Abokina ya sayar da fili a bayan gari ya fanshi kayansa, kuma da ya kai kasuwa bai iya ƙara ko dala ba, don maƙwabcinsa yana da tsohon kaya a farashin da. Har yau in na tuna fuskarsa a bakin wannan fili raina yana ɓaci. Da an ba shi sanarwar wata guda, da bai yi odar ba.

Kada kuma a manta da mutum na uku, wanda ba ya cikin gardamar gidanku: mai walda da ke ƙera ƙofa da taga, kafinta mai rufi, magini, da talakan da ke tara kuɗin bandir biyu na kwano kafin ruwa ya sauka. In an kare masana'anta ɗaya mai ma'aikata ɗari biyu, ƙarfe ya yi tsada a hannun dubban masu sana'a. OMC ta ce a ba masu amfani da kayan dama su kawo bayani, amma ba ta tilasta a auna maslaharsu ba. Tarayyar Turai ta sa wannan awo a dokarta da kanta. Mu ma sai mun rubuta shi da hannunmu.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata mu ƴan Maradi mu faɗa wa kanmu. Daga nan zuwa Ɗan Isa tafiyar ƙasa da awa guda ce, gaba kaɗan Jibiya. Arzikin alhazan garin nan da yawa a kan bambancin doka tsakanin ƙasashen biyu ya ginu, daga atamfa zuwa taba zuwa shinkafa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kowa ya san shinkafa ba ta daina ƙetarawa ba, babura da hanyoyin daji suka karɓi aikin, kuɗi ya ƙaru. Duk harajin da ya buɗe tazarar kashi 25 tsakanin nan da Katsina, mai bin ƙa'ida zai biya, mai bin dare ya samu kasuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mahaifinka yana da NIF, wato lambar biyan lanho, yana da rajistar kasuwanci, yana bi ta SYDONIA, tsarin kwamfutar duwan, shi ya sa shi ne mai sauƙin kamawa.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a bar dokar ta ci gaba da barci. Wanda ya ga yadda masaƙun Kano da Kaduna suka mutu, musamman bayan an cire ƙayyade tufafi a kasuwar duniya a farkon 2005, ba zai ce ƙasa ta zauna hannu sake ba. Kuma haraji da aka sa bayan bincike, da hujja a rubuce da wa'adi, ya fi haramcin da ake sanarwa a rediyo da dare. Dokar ta ba harajin wa'adin shekara 5, in ba a sake bincike an tabbatar da buƙata ba harajin ya faɗi. Abin lura dai shi ne a wasu ƙasashe sabuntawar ta zama al'ada. Afirka ta Kudu ta sa wa cinyoyin kajin Amurka irin wannan haraji tun 2000, rigimar ta kai har 2015 kafin a daidaita a kan tan 65,000 a shekara da zai shiga ba tare da shi ba.

Abin da nake so masu gyara su duba shi ne yadda Turai ta yi nata a 2018. Ta ƙara wa dokar kaifi, ta rage lokacin sa harajin wucin gadi daga wata 9 zuwa 7 ko 8, amma a lokaci guda ta yarda a sanar da masu shigo da kaya makonni uku kafin harajin ya hau, kuma ta ƙarfafa teburin taimakon ƙananan kamfanoni. Mu makonni uku ba za su ishe mu ba, don hanyarmu ta fi tasu nisa. Ni da za a tambaye ni, cewa zan yi duk kayan da takardar jirginsa ta riga sanarwa, a bar shi ya shigo a tsohon lissafi. A kuma tsaya a kan harajin da ya isa ya warkar da cutar: in tazarar kashi 25 ce amma kashi 10 ya isa masana'antar gida ta numfasa, a sa 10. OMC ta ce hakan ya fi kyau, ba ta wajabta ba. Irin tsarin Amurka, inda mai kaya ke ajiye kuɗi sannan a yanke masa ainihin abin da zai biya bayan shekara ko fiye, wannan kam kada a kawo mana shi, ɗan kasuwar da ke juya jari ɗaya ba zai iya ba. Sannan a bayyana kayan dalla-dalla, da kauri da faɗi da lambarsa ta tarif, don kada fassara ta koma hannun wanda ke bakin taga. Kuma a buɗe wurin karɓar bayani a nan majalisar ƴan kasuwa ta Maradi, da Hausa, don wanda aka ce ya je Wagadugu, hedkwatar UEMOA, ya kare kansa da Faransanci an riga an yanke masa hukunci.

Ga mata irin mahaifiyarka akwai ƙofofi biyu a cikin yarjejeniyar da ba a cika ambata ba. In masu sana'a sun yi yawa sun warwatsu, an yarda hukuma ta ɗauki samfuri daga cikinsu ta auna goyon baya, ba sai an bi gida-gida ba. An kuma yarda, a hali na musamman, hukuma ta buɗe bincike da kanta in tana da hujja. Gyaran da bai shigo da waɗannan biyu ba, da tabbacin cewa bayanan da aka ba mai bincike ba za su zarce wurin masu lanho ba, bai san da zamansu ba. Kafin nan, ka gaya mata hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ƙungiyarsu ta samu littafi guda, kowane mako a rubuta tiya nawa aka saya da nawa, lita nawa ta fito, nawa aka sayar, nawa bidon man waje yake a ranar. Kai da ka yi boko ka riƙe musu. Ko ba a je gaban hukuma ba, da shi za su nemi bashi ko kwangilar abincin makarantu.

Mahaifinka kuma, tun a odar da zai yi nan gaba, ya sa dillalinsa ya rubuta sunan masana'antar da garinta a kan faktir, ya karɓi takardar asalin kaya, ya adana kwafin biyan banki tare da takardar jirgi a jaka ɗaya. Ya nemi farashi daga wata ƙasa ta biyu, Turkiyya ko Indiya ko masana'antun yankinmu, ko da ba zai saya yanzu ba, don harajin ƙasa-ƙasa ake sa shi. In ya ji an buɗe bincike a kan kwano, kada ya ce ba ruwansa: akwai ƴan kwanakin da ake bayarwa mutum ya rubuta sunansa cikin masu ruwa da tsaki, wanda ya wuce su ba a jin ta bakinsa. Su haɗu su biyar ko goma masu kayan gini su ɗauki lauya ɗaya. Ka gaishe mini da su duka biyun, ka ce in ya kawo takardun kwantenarsa ta ƙarshe zan duba masa lambar tarif ɗin da aka sa wa kwanon.